Layin da muka manta a takardar gyaran makaranta

Takardar da na karanta wa majalisar iyaye ranar nan layi takwas ce. Kwanon rufin ajujuwa biyu, ƙofofi da tagogi, bencina, gyaran bayan gida, tankin ruwa, faifan sola da batir, na'urar raba intanet wadda yara ke kira rauta, sai ƙananan kwamfutocin hannu da wata ƙungiya ta yi mana alkawari. Muna zaune ne a inuwar darbejiyar da ke tsakar makaranta, don ofishin mudir har yanzu ba shi da ƙofa, an ɓalle ta lokacin yaƙi. Ni ne malamin Larabci, kuma ni aka ɗora wa rubuta bayanan majalisa, saboda haka ni na tsara takardar, kuma gaskiya na ji daɗin yadda ta fito. Ƙauyenmu yana bakin bahar, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno. Ba mu taɓa ganin intanet a makaranta ba. Ina karanta layi na bakwai da na takwas fuskokin mutane suna washewa.

Na gama, ana ta sa albarka, sai wata baiwar Allah daga can inda mata suke zaune ta ɗaga murya. Daga Rusairis ta zo mana a 2022 da 'ya'yanta, ba ta koma ba. Ta ce, "Ustaz, na ji kuɗin batir, na ji kuɗin waya. To in an kunna abin nan, wa zai zauna da yaran?"

Na ce mata malamai suna nan. Ta ce ta san malamai suna nan, amma ba ta ji su a takarda ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ita ba ta yi ba.

Wanda ya san abin da ya faru a jihar Nil Azrak zai gane dalilinta. A watan Yulin 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan taƙaddama kan neman sarautar gargajiya da Hausawa suka yi, da kuma tsohuwar maganar ƙasa. Aka kashe mutum sama da 100 a Rusairis da Damazin da garuruwan kewaye, dubbai suka tsere, da yawa suka gangaro nan jihar Sinnar, wasu suka wuce Rabak da Kosti. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Madani da Khartum. A Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, nan ma aka rasa sama da mutum 200. Ba waya ce ta ƙirƙiri rikicin ba, wannan kowa ya sani. Amma duk wanda yake da Facebook a kwanakin nan ya ga abin da aka riƙa rubutawa a kanmu, ya kuma ga abin da wasu 'ya'yanmu suka riƙa mayarwa, wanda shi ma ba abin alfahari ba ne. Matar nan ta gaya mini daga baya cewa kafin ta ga mutum ɗaya da makami, ta riga ta ji zagin a wayar ɗanta kwana da kwanaki.

A takardun ilimi na Larabci abin da take tambaya yana da suna, al-muwaɗana ar-rakamiyya, wato zama ɗan ƙasa na gari a duniyar intanet: yaro ya san haƙƙinsa da haƙƙin wani, ya iya tantance labari, ya kare sirrinsa, ya san cewa abin da ya rubuta yana iya cutar da mutum mai jini da tsoka. Ni dai na fi son in ce tarbiyyar intanet, don ita ce kalmar da iyaye ke ganewa nan take. Amma kalmar muwaɗana ɗin tana da wani ɗaci a bakinmu da ba kowa zai ji ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'arsa, Fulani da Hausawa, har suka sauka bakin wannan kogi wajen 1906. Kakanninmu suna nan aka gama madatsar Sinnar a 1925, da guminsu aka noma audugar Jazira. Sai ga dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa suke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. An gyara dokar daga baya, amma tambayar "kai ɗan ina ne?" ba ta mutu ba, ta dai koma cikin waya. Yaron Bahaushe da ya buɗe Facebook yau, ba zai daɗe ba zai ci karo da wanda zai ce masa ya koma inda ya fito, alhali kakan kakansa a nan aka binne shi. Me zai ce? Da wace murya? Babu wanda ya taɓa koya masa, sai fushinsa.

Ni ba ni da bakin yi wa kowa gori a wannan magana, kuma gara in faɗa da kaina.

A ƙarshen Yunin 2024, lokacin da dakarun Da'amus Sari suka shiga Singa, shabaka na zuwa tana ɗaukewa. Wani dare saƙon murya ya shigo mini a WhatsApp. Namiji ne, da Hausa, yana haki, yana cewa an shigo ƙauye ana bin gidajen Hausawa ɗaya bayan ɗaya, kuma maƙwabta ne ke nuna gidajen. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi sunan ƙauyen ba, bai faɗi rana ba. Ban tsaya lura da ko ɗaya ba. Na tura wa dangi, na ƙara da bakina cewa kowa ya yi ta kansa. Kawuna da ke wani ƙauye gaba da mu ya ɗora tsohuwarsa a karo cikin dare, ga damina, ga duhu. Karon ya kife a wani kwazazzabo, ƙugunta ya karye. Har ta rasu a Gadarif ba ta sake takawa ba. Daga baya wani ɗalibina, yaro ɗan aji uku na mutawassiɗa, ya nuna mini saƙon nan a tsohuwar wayar babansa. Tun 2022 yake yawo, kuma a kan wani wuri dabam aka yi shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa babu haɗari a lokacin. Akwai, kuma bayan 'yan kwanaki dukkanmu muka bar gida, ba mu dawo ba sai bayan sojoji sun karɓe Singa a Nuwamba. Akwai mutanen da saƙon waya ne ya cece su. Shi ya sa "kada ka yarda da abin da ka gani a waya" ba darasi ba ne, don wata rana gaskiya ce kuma ranka ya dogara a kanta. Abin da na rasa a daren nan ƙanƙane ne: in tambayi wa ya faɗa, a ina, yaushe, in kuma nemi mutum ɗaya da na sani a can kafin in danna. Minti biyar. Ina da shekara ashirin da wani abu a aji, kuma ban iya ba, don babu inda aka taɓa koya mini. Har yau maƙwabcin kawuna, wanda ba Bahaushe ba ne, gaisuwa kawai ke tsakaninsu, don ya ji abin da aka ce maƙwabta na yi, ya kuma san wa ya turo.

Hanyar da hukuma ta saba bi da intanet a ƙasar nan ita ce a kashe. Bayan 3 ga Yunin 2019 an kashe shi sama da wata guda. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 an kashe shi makonni. Wanda ya fi shafar mu malamai shi ne na jarrabawar shahada: a 2020 da 2021 da 2022 an riƙa yanke intanet ɗin waya na wasu sa'o'i kowace safiya a faɗin ƙasa, don kada a saci amsa. Ka duba fa, saboda ɗalibai, sai a rufe wa mai shago da direba da mai jinya. A Yulin 2025 kuma aka toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp, sati bai cika ba yaran unguwarmu sun koya wa iyayensu yadda ake zagayewa. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2018, wadda aka ƙara wa tsanani a 2020, har da hukuncin yaɗa labarin ƙarya. Ban san ɗalibi ko ɗaya a makarantarmu da ya taɓa jin labarinta ba. Darasin da yaro ya ɗauka daga duk wannan shi ne intanet wani abu ne da manya ke kullewa, shi kuma aikinsa ya nemi taga.

Tagar kuwa ta samu. Da shabakar Zain da MTN da Sudani ta ɗauke a Fabrairun 2024, mutane a wurare da yawa suka koma wajen masu Starlink, ana biya da awa, ana zaune a ƙasa kamar masu jiran awo. Kuɗin hannu ya yi wuya, komai ya koma Bankak, manhajar Bankin Khartum. Dattijo ba ya iya karanta abin da ke fuskar waya, sai ya miƙa wa jikansa, da lambar sirri da komai. Yara 'yan shekara goma sha biyu suka zama ma'ajin gida. Makarantu a rufe, UNICEF ta ce yara wajen miliyan 19 ba sa zuwa aji a Oktoban 2023, amma wannan makarantar ta bakin Starlink ba ta taɓa rufewa ba. A can suka koyi abubuwa masu amfani, a can kuma suka koyi cewa ana iya haɗa hoton ish'ar na bogi a nuna wa mai agashe a ci nama a tafi. A can 'yan mata suka riƙa samun saƙo daga wanda ba su sani ba yana cewa ƙungiyar agaji ce, a turo hoton rakam waɗani da hoton fuska. Waɗannan yaran ne suka dawo mana aji. Ba farar takarda ba ne da za mu fara rubutu a kai.

Ba a rasa ƙoƙari ba wajen shigar da na'ura cikin karatu. Shirin Can't Wait to Learn na ƙungiyar War Child ta Holan a Sudan aka fara shi, da haɗin gwiwar ma'aikatar ilimi da Jami'ar Ahfad, yara na koyon lissafi da karatu ta hanyar wasa a kwamfutar hannu da ake caji da sola, kuma an gwada shi har a wasu ƙauyukan jihar nan. A 2021 UNICEF da ma'aikatar suka ƙaddamar da Learning Passport, inda aka zuba darussan manhaja. Ina ganin amfaninsu. Amma irin waɗannan na'urori lambu ne mai shinge, yaro yana ciki lafiya lau. Da yamma zai koma gida ya ɗauki wayar babansa, wadda ba ta da shinge ko kaɗan.

Da muka sake zama bayan sati, na zo da takardar da layi na tara: tarbiyyar intanet. Mudir ya duba ya ce, "Ustaz, wannan ai ba kaya ba ne. Nawa ne kuɗinsa? A wace hissa za ka sa shi?" Kuma yana da gaskiya. Jadawali a cike yake, ana ta gudu don a cike shekarun da suka ɓace, malamai sun yi watanni ba albashi, wasu da rana suna aji da yamma suna tuƙa raksha. Wa za ka ɗora wa sabon darasi? Wani dattijo ya ce a bar wa malamin addini. Wani ya ce a hana waya shigowa makaranta kwata-kwata a huta. Wani uba kuma ya ce shi ya yarda da komai, amma ban da 'yan mata.

A nan ne na fara gane cewa layi na tara ba a ƙasan takarda yake zaune ba, yana cikin sauran layukan. Misali, ina za a kafa rautar? Da farko an ce ofishin mudir, don tsaro. Amma bayan ofishin akwai lungu, kuma duk mun san cewa washegari samarin gari za su jeru jikin bangon da dare, ba mai ganinsu. Muka mayar da ita ajin da ke fuskantar tsakar makaranta, inda duk mai riƙe da waya yana idon jama'a, kuma a kashe ta in an tashi. Wa zai riƙe kalmar sirri? Aka yi ta ja, har aka tsaya kan mutum biyu, malami ɗaya da malama ɗaya, a riƙa canzawa duk wata. Wannan malamar ita ta sa uban nan ya sassauto, don 'yarsa tana da wadda za ta je wa in wani ya turo mata abin da ba za ta iya nuna wa namiji ba. Malamar ce ma ta kawo maganar da ba ta zo mini a rai ba: in aka ce wanda ya riga zuwa shi zai ɗauki na'ura, maza za su kwashe, don yarinya sai ta gama ɗebo ruwa. Aka raba kwanaki.

Sai maganar hoto, wadda ta fi kowace cin lokaci. Kowace ƙungiya da ta kawo ko da alli ne tana son hoton yara. Mu ma malamai muna ɗauka mu sa a shafukanmu, da sunan makaranta da sunan ƙauye. A wurin da aka taɓa bin mutane saboda ƙabilarsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma baiwar Allahn nan ta Rusairis ta faɗe shi da kalmomin da ba zan maimaita ba. Aka rubuta cewa ba a ɗaukar fuskar yaro sai da yardar uwa ko uba, kuma rajistar ɗalibai, mai sunaye da lambobin iyaye, ba za ta zauna a wayar kowane malami ba. Ni kaina da na duba tawa a daren, na tarar da hotunan takardun haihuwar yara fiye da yadda zan iya tunawa, tun na rajistar jarrabawa. Da wayar ta faɗa hannun wani a shingen hanya fa?

Batun hissa kuwa, ba mu samu sabuwa ba, kuma na daina nema. Na ɗauki rubu'in awa daga darasin insha'i sau ɗaya a sati. Malamin lissafi ya ce zai riƙa kawo ish'ar na gaske da na bogi yara su gano bambanci. Malamin allo na unguwa, wanda na zaci zai ƙi, shi ya fi kowa saurin ganewa. Ya ce ai maganar bincika labari kafin a yi aiki da shi tana cikin Suratul Hujurat, yara sun haddace, ba su dai san cewa ta shafi abin da ke aljihunsu ba. Ya ce zai riƙa tuna musu.

Akwai abu ɗaya da na nace a kai, har mudir ya ɗan ɓata rai. Karatunmu da Larabci ne, haka manhaja ta ce, ba na jayayya. Amma saƙon da ya kifar da karon kawuna da Hausa ya zo. Jita-jitar da ta fi kama mu ita ce wadda ta zo da harshen gida, da muryar da ta yi kama da ta ɗan'uwa, don mun saba ɗauka cewa wanda ya yi mana Hausa ko Fillanci namu ne, ba zai yi mana ƙarya ba. Kuma iyaye mata da yawa ba sa karatu, saƙon murya shi ne jaridarsu. In yaro ya koyi tantance labari da Larabcin littafi kawai, zai bar shi a aji tare da nahawu. Na ce wannan rubu'in awa za a yi shi da duk harshen da saƙon ya zo da shi. Mudir ya ce kada dai mai duba makarantu ya zo ya tarar. Na ce in ya zo sai mu ba shi kujera.

Ba na son in nuna kamar mun warware komai. Na'urorin da aka yi mana alkawari har yanzu ba su iso ba. Rautar tana aiki ne in shabaka ta ga dama. Babu malami ko ɗaya a cikinmu da aka horar a wannan fanni, muna koyo ne muna koyarwa, wani lokaci ɗalibi ne ke gyara mana. Kuma abin da makaranta ɗaya ta tsara a inuwar bishiya yana iya tafiya ranar da aka canza mudir. Yanzu da ake ta gyaran makarantu a Sinnar da Jazira, ina jin ƙungiyoyi da 'yan'uwanmu na Saudiyya suna tara kuɗin sola, Allah ya saka musu. Da ma'aikatar ilimi ta jiha za ta ce duk makarantar da za a sa wa intanet sai ta nuna wa zai kula, a wane lokaci, da wace ƙa'ida kan hotuna da sunayen yara, kuma ta horar da ko malami biyu ne a kowace makaranta, da aikin bai dogara ga ko akwai wata mata daga Rusairis a taron ba.

Ranar darasin farko na kunna musu saƙon nan na 2022, bayan na nemi izinin kawu. Ajin ya yi tsit. Na ce su gaya mini sunan mai maganar. Babu. Sunan garin? Babu. Ranar? Wata yarinya a layin baya ta ce, "Ustaz, ai ana jin kukan zakara a bayansa, kuma ya ce dare ne." Shekara guda da wani abu ina sauraron saƙon nan, ban taɓa jin zakaran ba. Na sake kunnawa, ga shi kuwa.

Sai wani yaro ya tambaye ni wa ya turo wa mutanenmu shi. Na ce ni ne. Suka dube ni, na dube su, aka buga ƙararrawa. A bakin ƙofa mudir na jirana da takardar, wai mai sola ya ce batirin da kuɗinmu zai iya saye ba zai wuce shekara biyu ba, kuma ba mu rubuta inda za a samo na canji ba.